Yogot ɗin gida ga masu cikin da ba ya shiri da madara: tambayoyi da amsoshi

Assalamu alaikum. Ni dai shekaru na kwashe ina zaton basir ne yake damuna, don kullum na sha shayi mai kauri da safe kafin azahar cikina ya zama kamar ganga, ga ƙugi ga murɗa, in ina cikin mutane ma sai in ta matse-matse ina addu'ar kar a ji. Na sha jiƙe-jiƙe har na gaji, sai da wata likita ta ce in ajiye madara sati biyu mu gani, shikenan ciki ya kwanta kamar an yi ruwa an ɗauke. Daga nan na koma yogot ɗin da nake haɗawa da kaina, kuma tun lokacin ƴan'uwa da maƙota suke ta jefo min tambayoyi iri ɗaya, shi ne na tattara su na amsa iya abin da na sani. Ni ba likita ba ce, mai kicin ce da ta sha wuya ta yi karatu a kai.

Anti wai me yake sa madara ta kumbura min ciki, alhali ƙanwata tana sha lafiya lau?

Akwai wani sukari a cikin madara, ba wanda muke zubawa ba, nata na halitta, sunansa laktos. Kofi ɗaya na madarar shanu, wato mil 250, yana ɗauke da kamar giram 12 nasa. Jiki ba ya iya tsotse shi a haka sai an raba shi gida biyu, kuma aikin wani sinadari ne da ƙaramin hanji yake fitarwa, ana ce masa laktes, ki ɗauke shi kamar almakashi. Jariri yana da almakashin nan sosai tunda nonon uwa ya ma fi na saniya sukarin, amma bayan yaye sai ya dinga raguwa a jikin yawancin mutane, kusan kashi biyu cikin uku na manyan duniya haka suke. To in sukarin bai yanku ba sai ya wuce babban hanji yadda yake, ya jawo ruwa, ƙwayoyin da ke zaune a can su far masa su yi ta fitar da iska. Kumburin kenan, da ƙugin, da zawon. Ƙanwarki nata almakashin bai dakushe ba, gado ne, ba wai ta fi ki lafiya ba.

To ai mu da nono aka raine mu, ya za a ce ba ma iya narkar da shi?

Da nono mai tsami aka raine mu, ba da ɗanyar madara ba, ki tuna da kyau. Kindirmo, tsala, fura da nono, duk sai sun yi barci ake sha. A 1971 an buga wani bincike da Norman Kretchmer ya yi a Najeriya tare da Olikoye Ransome-Kuti, wanda daga baya ya zama ministan lafiya zamanin Babangida, sun gwada ƙabilu daban-daban sai suka ga Fulani makiyaya yawancinsu suna narkar da sukarin madara har girmansu, Yarbawa kusan dukkansu ba sa iyawa, Hausawa da Fulanin gari kuma mafi yawansu ma ba sa iyawa. Saboda haka in kakarki ta rugar ce wataƙila kin dace, in ba haka ba kuwa kina cikin jama'a da yawa. Shayin madarar gari cokali huɗu da muke yi yanzu shi ne baƙon abu.

Ya zan tabbatar madarar ce matsalata ba wani abu ba?

Ki ajiye madara da duk abin da aka yi da ita sati biyu cif, har da ais kirim da kunun da aka zuba wa madara da alawar madara. In ciki ya lafa, sai ki sha kofi ɗaya ki zauna gida ki saurara, yawanci tsakanin minti 30 zuwa awa 2 za ki ji labari. A manyan asibitoci akwai gwajin numfashi da ake auna iskar haidurojin bayan an ba mutum sukarin ya sha, shi ne na tabbas.

Amma dan Allah in akwai jini a bayan gida, ko yana fita baƙi kamar kwalta, ko kina ramewa ba dalili, ko zazzaɓi, ko zawo yana tashinki cikin dare, wannan ba zancen madara ba ne, asibiti za ki je kafin ki taɓa tukunya.

Me ya sa yogot ba ya yi min abin da madara take yi min, bayan duk abu ɗaya ne?

Abu biyu ne. Na farko ƙwayoyin da suke mayar da madara yogot, su biyu ne shahararru, Lactobacillus bulgaricus da Streptococcus thermophilus, abincinsu shi ne sukarin nan, suna cinsa suna mayar da shi tsami, tsamin ne yake ɗaure madarar ta yi kauri. A yogot na yau da kullum suna cinye kamar kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku. Na biyun ya fi muhimmanci kuma mutane ba su cika saninsa ba, su ƙwayoyin da kansu suna ɗauke da nasu almakashin, in kika shanye su da ransu sai su ci gaba da taya ki yanka sukarin a cikin hanji. Shi ya sa a 2010 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta yarda a rubuta a jikin yogot cewa yana taimaka wa narkar da laktos, da sharaɗin akwai rayayyun ƙwayoyi aƙalla miliyan 100 a kowane giram. Ga kuma kauri, abu mai kauri a hankali yake barin tumbi, ba ya afka wa hanji lokaci ɗaya kamar ruwan shayi.

Shi Lactobacillus bulgaricus ɗin wani ɗalibi ɗan Bulgeriya ne, Stamen Grigorov, ya gano shi a 1905 a Janiba, shi ya sa sunan ƙasarsu yake maƙale a jikinsa. Su kuwa inna wuro sun daɗe suna kiwonsa da danginsa a ƙwarya ba tare da sun tambayi sunansa ba.

Hajiya ki faɗa mana yadda kike haɗa naki tun daga farko

Lita ɗaya nake yi don gida. In ɗora madarar a wuta kaɗan-kaɗan ina juyawa kar ta kama, har ta fara ƙananan kumfa a gefen tukunya tana tururi amma ba ta tafaso ba, wajen digiri 85 kenan, in bar ta a haka kamar minti 10 zuwa 15. Wannan dafawar tana kashe ƙwayoyin da ba a gayyata ba kuma tana sa yogot ɗin ya ɗauru da kyau, kar ki tsallake ta ko da madarar gari ce, musamman in za ki bar shi ya daɗe. Sai in sauke, in ina sauri in tsoma gindin tukunyar a cikin baho mai ruwan sanyi, har ta sauko digiri 43 zuwa 45. In kwashe yanar da ta taru a sama. In ɗebi ludayi ɗaya a kofi in dama iri, wato yogot ɗin da ya riga ya yi, cokali 2 na cin abinci a ciki har ya zama ba gudaji, in mayar cikin tukunya in juya sau biyu uku a hankali, in juye a roba mai murfi ko kwalba da na ɗauraye da tafasasshen ruwa, in rufe, in saka a kula, in lulluɓe da bargo. Daga nan kuma hannu ya fita. Ba leƙawa, ba girgizawa, ba matsar da kular don za a yi shara. Yara na sun san kular nan ko ƙwallo ta faɗa bayanta sai dai ta kwana a can.

Madarar gari nake amfani da ita, ina zuba ta da yawa don ya yi kauri, amma har yanzu yana kumbura ni

Yauwa, nan ne gizo yake saƙar, kuma ni ma nan na fi daɗewa ina faɗawa. Madarar gari fiye da kashi ɗaya cikin uku na nauyinta sukarin nan ne zalla, in mara mai ce ma kusan rabi. Asalin awon da yake mayar da ita madara kamar ta saniya shi ne kamar giram 130 a lita, wato kofi 1 na gari da kofi 3 da rabi zuwa 4 na ruwa. To mu kuma don son kauri sai mu yi kofi 1 da kofi 2, kin ga kin ninka sukarin kenan tun kafin a fara, ƙwayoyin su ci iya cinsu su ƙoshi tsami ya tsayar da su, abin da ya rage a robar ya fi na kofin ɗanyar madara yawa. Sai ki sha ki ce yogot ma ba ya karɓarki, alhali awonki ne. Masu sayarwa suna yin haka don kwastoma yana son cokali ya tsaya, ba laifinsu ba ne, amma ke da kike yi don cikinki ki tsaya a kan kofi 1 da kofi 4, kaurin kuma ki nemo shi ta hanyar tacewa, zan zo kansa.

Wata ta tambaye ni ko ta buhu da ake aunawa a kasuwa za ta yi. Za ta yi barci, sai dai da yawanta an cire man shanun an sa man itatuwa a madadinsa, sukarin kuwa yana nan daram, ki duba kuma kar ki sayo wadda aka riga aka haɗa da suga ko garin kirim na shayi, wannan ba madara ba ce.

Wane iri zan saka?

Yogot fari mara suga mara kala wanda yake zaune a firji, sabo, in an rubuta akwai rayayyun ƙwayoyi a jiki ya fi. Na kwali da yake wata da watanni a kan kanta ba firji an sake dafa shi bayan ya yi, ƙwayoyinsa sun mutu, ba zai kama miki komai ba kuma ba zai taya ki narkarwa ba. Akwai irin gari na ƴar leda da masu kayan kek suke sayarwa, shi ma yana da kyau. Kindirmo mai kyau yana kamawa, amma ba ki san su waye a ciki ba, mai lalurar ciki gara ta fara da wanda ta sani.

In naki ya yi, ki ware cokali 2 tun kafin kowa ya sa hannu. Ni a abin ƙanƙara nake zubawa in daskarar. Bayan zagaye huɗu ko biyar in na ga ɗanɗano ya fara canzawa sai in sayo sabo.

Ba ni da ma'aunin zafi, ya zan yi?

Ki wanke hannu tas ki tsoma ɗan ƙaramin yatsa ki ƙirga zuwa goma. In kin iya ƙirgawa kina jin ɗumi sosai amma ba ƙuna, ta yi. In kin fizge a biyar ki ƙara jira. Farkon yina na zuba iri madara tana turiri don ina saurin zuwa biki, na dawo washegari na tarar da ruwa tsululu yana wani wari, na dafe ƙwayoyin da hannuna. Sama da digiri 50 suna fara mutuwa. Ma'aunin kicin ba shi da tsada, in za ki dinga yi ki saya ki huta.

Na ji ana cewa sai ya yi awa 24 kafin mai ciwon ciki ya sha, gaskiya ne?

Wannan maganar daga Amurka ta taso, daga wani tsarin abinci da likitan yara Sidney Haas ya fara, daga baya wata mata Elaine Gottschall da ƴarta ta yi fama da gyambon babban hanji ta yaɗa shi, a tsarinsu yogot sai ya kwana ya wuni a ɗumi ake sha. Hikimar a fili take, in ƙwayoyi suka daɗe suna ci sukarin zai ƙara raguwa. Inda ban yarda da masu yayata shi ba shi ne da suke cewa sukarin yana ƙarewa ƙarƙaf, ba ya ƙarewa, don tsamin da suke fitarwa shi yake rage musu ƙarfi, awannin farko ne suke aiki da gudu daga baya sai jan ƙafa. Kuma tsarin abincin nasu gaba ɗaya an gwada shi a kan masu cutar Crohn, wani ciwon kumburin hanji mai daɗewa, sakamakon ya fito a 2021, bai fi abincin mutanen gaɓar Bahar Rum ba.

Ni abin da na gani a jikina, na awa 6 zuwa 8 yana ɗan taɓa ni, na awa 12 zuwa 16 lafiya lau, na awa 24 kuwa sai in na ga dama don tsaminsa har haƙori yake kashewa. Ki fara da 12, in ciki ya yi ƙorafi ki ƙara. Sharaɗin mai dogon zangon shi ne ɗumin ya tsaya tsakanin 38 da 43 duk tsawon lokacin, in ya huce tun awa biyar to sauran awannin zama kawai yake yi, ba ƙaruwa.

Ya zan riƙe ɗumin, musamman da hunturu?

Kular abinci da bargo sun wadatar a yawancin shekara. Da hunturu, Disamba da Janairu da dare yake yin sanyi sosai, nakan cika gorar ruwa biyu da ruwan zafi in jera a gefen robar cikin babbar kula, in zan kwanta in canza ruwan, da asuba in sake canzawa, robar dai ba na taɓa ta. A watan Afrilu kuwa da garin kansa yake haura 40, ko bargo ba ya so, ki ajiye a lungun kicin kawai kuma ki rage awanni, na taɓa barin na awa 24 a irin zafin nan ya dawo kamar lemon tsami, ruwa a sama dunƙule a ƙasa, sai a kwaɓin fanke ya ƙare. Kar a sa a rana kai tsaye, zafin yana wuce gona da iri.

Maganar tacewar fa?

Wannan ita ce dabarar da na fi so. Bayan ya yi barci ki sa a firji ya huce ya daidaita kamar awa 4, sai ki shimfiɗa farin kyalle mai tsabta wanda kika tafasa, irin na tatar koko, a kan rariya, ki ɗora rariyar a kan kwano, ki juye yogot ɗin a hankali ki rufe. Za ki ga wani ruwa ɗorawa-ɗorawa mai ɗan kore yana ɗiga ɗis ɗis, to sukarin madara a cikin ruwa yake narke, duk abin da ya ɗiga ya tafi da rabonsa. Awa 2 zuwa 3 ya yi kauri irin wanda ake ce wa na Girka, in ya kwana kuwa sai ki yanka da cokali ya tsaya, har kina iya shafa wa burodi. Lita ɗaya tana komawa kamar rabi, kar ki ji haushi. In za ki dama fura sai ki sassauta shi da tafasasshen ruwan da ya huce, kin ga kin canza ruwa mai sukari da mara sukari.

Ruwan da ya ɗiga ke kar ki sha, ki ba masu lafiyayyen ciki ko ki kwaɓa fulawa da shi.

Nawa zan sha a rana?

Cokali 2 ranar farko, tare da abinci, ba da sassafe ciki wayam ba. In shiru, kwana uku ki koma cokali 4, a haka har rabin kofi, har kofi. Yawancin masu wannan matsalar suna iya ɗaukar giram 12 na sukarin a zama ɗaya ba wata damuwa in da abinci, shi ya sa rabawa safe da yamma ya fi a kwankwaɗe lokaci guda. Da azumi kar ki buɗe baki da kofi cike mai sanyi, ki bari sai kin ci wani abu.

Malama ni olsa gare ni, an ce in dinga shan madara da yogot yana warkarwa

Ɗan'uwa ba ya warkarwa. Madara tana kwantar da zafin na ɗan lokaci, bayan nan sai tumbi ya ƙara fitar da ruwan tsami saboda ita, shi ya sa wasu cikin dare ciwon yake dawowa da ƙarfi. Yawancin gyambon ciki wata ƙwayar cuta ce take jawo shi, Helicobacter pylori, wasu likitoci biyu a Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka tabbatar da hakan har aka ba su kyautar Nobel a 2005, sai kuma yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac da ake saya a kemis kamar gyaɗa. Ka je a gwada ka, in ita ce akwai haɗin magani na kwana 10 zuwa 14. Yogot abinci ne za ka iya ci in yana karɓarka, amma kai mara tsami sosai za ka nema, na awa 6 zuwa 8 a tace, mai awa 24 zai iya tayar maka da ƙwannafi.

Likita ya ce ina da IBS, wata kuma ta ce nata kumburin hanji ne, mu fa?

Masu IBS, wato ciwon hanjin nan mai yawan murɗa da kumburi da zawo ko taurin bayan gida ba tare da gyambo ba, da yawansu sukarin madara yana cikin abubuwan da suke tayar musu, yana cikin jerin da jami'ar Monash ta Ostareliya ta fitar tare da albasa, tafarnuwa, wake da alkama. Amma ba kowa ba, wani madara ba ruwanta da shi, albasar ce. Ki gwada tatacce kaɗan-kaɗan kina rubuta abin da kika ci da abin da ya biyo baya. In har tataccen ma ya ƙi, akwai madarar da aka riga aka yanka sukarinta a manyan kantuna, tana yin yogot lafiya lau sai dai ya ɗan fi zaƙi, akwai kuma laktes ɗin kansa na ɗigawa, a ɗiga a madara ta kwana ta wuni a firji kafin a dafa.

Mai Crohn ko gyambon babban hanji kuwa, lokacin da ciwo ya tashi ba lokacin gwaje-gwaje ba ne, kuma in kina kan magungunan da suke rage garkuwar jiki sai kin tambayi likitanki kafin ki ci abin da aka tsimar a gida. Kar ki ajiye magani don yogot, na roƙe ki.

Yarona in ya sha madara jikinsa yana yin borin jini, leɓensa ya kumbura, in ba shi na awa 24?

A'a, ko ɗigo. Wannan ba sukari ba ne, jikinsa ne yake faɗa da furotin ɗin madara, kuma furotin yana nan a yogot ko kwana nawa ya yi. Yana iya kaiwa ga toshewar numfashi. Ki kai shi asibiti.

Ina samun ɗanyar madara daga ruga, ba ta fi ta gari ba?

Ta fi daɗi nesa ba kusa ba, yogot ɗinta har wani maiƙo yake yi a sama. Sai dai dole a tafasa, ba ɗumamawa ba, saboda bakkale, cutar dabbobin da take kawo wa mutum zazzaɓi, da tarin fukan shanu duk ta ɗanyar madara suke shiga mutum, kuma tsami ba ya kashe su yadda za a dogara da shi. Masu cewa dafawa tana kashe amfanin madara su yi haƙuri, asalin kindirmo ma dafaffiyar madara ake kwantarwa. Wani abu kuma, in an yi wa saniya allurar kashe ƙwayoyin cuta kwanan nan maganin yana fita a nononta, za ki yi komai daidai madara ta ƙi barci, ki tambayi mai kawo miki.

Nonon akuya ko na raƙumi fa, an ce su ba su da wannan sukarin

Suna da shi, na akuya kaɗan ya gaza na saniya, na raƙumi ma haka. Na akuya yana yin yogot mai ɗan ruwa-ruwa, na raƙumi kuwa da ƙyar yake ɗaurewa, haka halittarsa take, shi ma a tafasa. Wanda babu sukarin kwata-kwata shi ne madarar waken suya da ta kwakwa. Ta waken suya tana yin barci da kyau, amma shi wake yana da nasa abin da yake kawo iska, mai IBS ta yi hattara kar a gudu ba a tsira ba. Man shanu kuwa ki ci abinki, abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba.

Nawa yana yauƙi, wani lokacin kuma ya tsinke

Yauƙi yawanci ɗumi ne ya yi ƙasa ya daɗe a haka, ko irin ya tsufa, ko kuma irin da kika sayo dama mai yauƙin ne. Tsinkewa da gudaji-gudaji kuma zafi ya yi yawa, ko ya wuce lokaci, ko kin cika iri, mutane suna zaton yawan iri shi ne kauri alhali cokali 2 a lita ya isa. Ɗan ruwa a sama ba komai ba ne, ki tsiyaye. Wanda za ki zubar ba tare da ɗanɗanawa ba shi ne mai wari, mai kumfa yana tsiyayar iska, mai ɗigon kala ja ko kore ko baƙi a sama, da wanda ya wuce awa 10 a ɗumi bai yi tsami ba bai ɗaure ba, kar ki ce asara, kwanan asibiti ya fi lita ɗaya tsada.

Zan iya ba jaririna? Ya yi zawo tun daga nan madara ba ta zama masa

Zawo mai tsanani yana goge fatar hanji inda almakashin yake, sai yaro ko babba ya yi makonni madara tana wuce masa, yawanci yana dawowa daidai da kansa. Nonon uwa dai ba a dainawa, a ci gaba da shi tare da ruwan gishiri da suga da zinc kamar yadda ake bayarwa a asibiti. Daga wata 6 ana iya ba yaro yogot mara suga cokali kaɗan a matsayin abinci, ba a madadin nono ba, kuma ba zuma sai ya cika shekara.

Ina shan maganin taifod, zan iya haɗawa?

In ciprofloxacin ne ko doxycycline ko tetracycline, sinadarin kalsiyam na madara yana riƙe maganin ya hana shi shiga jiki. Kar ki haɗiye shi da yogot, ki ba da tazarar aƙalla awa 2 bayan maganin, ki kuma tambayi mai ba da magani don wasu sun fi haka tazara.

Tsamin ya yi min yawa, me zan saka?

Duk abin da za ki saka sai bayan ya yi, a kofinki, ba a tukunya ba. Ɗan suga kaɗan ba ya tayar da ciki, mai ciwon suga dai ya san nasa. Zuma da dabino da mangwaro suna da daɗi amma masu IBS da yawa suna kumbura su, gwanda ta fi sauƙi, ayaba ma wadda ba ta nuna luguf ba. Fura ta gero lafiya lau, in dai ba a cika mata barkono da citta ba ga mai olsa. Tacewa ma tana rage tsami sosai don rabinsa a ruwan yake tafiya.

Mu unguwarmu sai a yi kwana uku ba wuta, ya zan ajiye?

A firji mai sanyi yana kai sati ɗaya zuwa kwana goma a rufe, da cokali mai tsabta kowane ɗiba. In ba wuta kar ki yi lita, ki yi rabi ko ma kofi biyu, daidai abin da za a shanye a ranar. Ni lokacin da taransifomarmu ta lalace abin da na dinga yi kenan, in haɗa bayan la'asar, da asuba ya yi awa 12, in tace na awa ɗaya a wuri mai sanyi, in sa robar a cikin kula da ƙanƙarar da nake saya a bakin titi, ko in tsoma gindinta a kwanon ruwa kusa da randa in rufa jiƙaƙƙen kyalle. Kafin magariba an gama da shi, cokali 2 na tsakiya kuma su na ɗiba tun da safe na ajiye a kan ƙanƙarar, da su nake kwantar da na gobe.